Farin Tsaki a Lambun Malitaba

Ranar Talata da yamma Sekake ya ji labarin. Yana zaune a kan dutsen ƙofar ɗaki yana zare takalman ruwansa, sai matarsa Malitaba ta fito tana goge hannu da zani, fuskarta kamar wadda aka yi wa albishir da jika.

"Ntate," ta ce, yadda ake kiran magidanci a nan don girmamawa, "mai gari ya sa lambuna a gasar."

"Wace gasa kuma?"

"Ta kamfaninku mana. Kai kullum kana ciki, amma labarin wurin aikinka sai a bakin rijiya nake jin sa. Za su zagaya ƙauyuka huɗu su duba lambuna, wadda ta ci a ba ta tankin ruwa. Asabar za su zo mana. Wata yarinya ce mai dubawar, wai ita Limakatso."

Sekake ya tsaya cak da takalmi ɗaya a hannu. Tari ya taso masa, ya haɗiye shi.

Shekara biyu ke nan yana aiki a kamfanin da ke gindin tsauni, inda ake noman wiwi na magani da takardar gwamnati. A cikin dogayen ɗakuna marasa taga ake shuka shi, a tukwanen roba, ƙarƙashin fitilu. Aikin Sekake na bayan girbi ne: ya juye tukwane, ya karkaɗe saiwa, ya zuba ƙasar a buhu, a auna, a ɗinke, mota ta kai rami a binne. Ƙasa ce baƙa wuluk, mai laushi kamar gari, da wani farin tsaki a cikinta mai kama da farfasasshiyar shinkafa, ba shi da nauyi ko kaɗan. Sau ɗaya tak ake shuka a cikinta. Wai ta gaji.

Ta gaji! Mutumin da ya tashi a ƙauyen da ruwan sama ya kwashe ƙasarsa kaf, ya bar kwazazzabai da jan dutse, shi za ka ce wa wannan ƙasa ta gaji? Wata uku Sekake yana loda ta a mota ransa yana suya. A na huɗu ya kasa jurewa.

Dokar wurin kuwa ba ta da kwana: ko ƙura ba ta ƙetare shinge. Da wannan sharaɗi aka ba su lasin. A gaban idonsa aka kori wani saboda busasshen ganye guda da ya maƙale a ninkin hularsa, ba a ma tsaya jin ta bakinsa ba. Amma Sekake ya yi shekara ashirin da huɗu a ramin zinariya na Welkom, can ƙetaren iyaka, kuma a can ya koyi cewa maigadi yana lalube aljihu, ya buɗe jaka, kafin ya kai ga ƙafa ya gaji. Sai ya sayi takalmi lamba sha ɗaya, shi da ƙafarsa lamba takwas ce. Kullum tafi biyu na ƙasa a cikin tsohuwar safa, a cusa a bakin kowane takalmi. Ɗingishin da hakan ya jawo masa, kowa ya ɗauka tsarabar rami ce. Shekara guda da 'yan watanni ana haka, har saman lambun Malitaba, wanda aka kewaye da duwatsu kamar bakin rijiya, ya koma baƙi. Kabejinta ya zama abin da mata ke tsayawa a hanya su kalla.

Ita Limakatso ɗin nan kuwa, ita ce mai haɗa ƙasar da hannunta. Ko a duhu ta shinshina za ta gane ta.

"Ki je ki ce a cire sunanki," in ji shi.

"In ce saboda me?"

"Ki ce... ki ce tsutsa ta shiga."

"Tsutsa! Ɗazu mai gari ya tsaya a kansa yana jinjina kai. Kai ka je ka faɗa masa, ka kuma faɗa masa dalili." Ta dube shi da kyau. "Ba kai ka ce mini shara ce ba? Ba kai ka ce zubarwa suke yi ba?"

"Shara ce, Mme uwargida, amma shararsu ce. In yarinyar nan ta ga farin tsakin nan, Litinin ba ni da aiki."

Malitaba ta zauna a kan bokiti. Ba sai an yi mata bayani ba. Shekarunsa hamsin da tara, ƙurar ramin zinariya ta cinye rabin ƙirjinsa, kuma ma'aikaciyar jinyar kamfani ce ke duba shi duk wata ta ba shi magani. In aka sallame shi a nan, ko gadin shago ba mai ɗaukar sa.

"To ai lambu ɗaya ne," ya ce, yana lallashin kansa. "Sai mu san yadda za mu yi da shi."

Ta kau da kai tana murza bakin zani.

"Mene ne?"

"Dashen da na rarraba."

"Gida nawa?"

Ta fara lanƙwasa yatsu, hannu ɗaya ya ƙare ta koma ɗayan. "Tara."

"Da ƙasar?"

"Haba Ntate! Kai ka taɓa ganin an miƙa wa mutum dashe da saiwa tsirara, kamar an tsinto shi a hanya? Da ƙasarsa ake ba da shi, cikin kwano. Kakarmu Nkhono Mapakiso ma kwano uku ta aiko."

Tuwon masara da ganyen da aka ajiye masa a ranar, kaji ne suka ci rabinsa washegari.

Laraba ya je aiki ya dawo da takalmi ba komai a ciki. Abin da bai yi tunani ba, ƙafarsa ta manta da ɗingishi. Yana fitowa daga ƙofa yana takawa garau, maigadi ya bi shi da ido.

"A'a, Ntate Sekake! Ƙafar ta warke? Wane boka ne, ka raka ni in kai surukata?"

"Rana-rana ce, abuti ɗan'uwana," ya ce, ya ja ƙafar hagu, sai daga baya ya tuna ashe ta dama ya fi ja. Har ya sha kwana yana jin idon mutumin a ƙeyarsa.

Alhamis kuma ya yi kiciɓis da Limakatso a lungun ɗaki na biyu, tana sanye da farar riga, takardu a hammata. Yarinya ce da ba ta kai talatin ba, 'yar siririya, mai gaida manya da hannu biyu.

"Ntate, an ce a ƙauyenku akwai wata mai kabeji kamar kan mutum. Ka san ta?"

"Mata dai, ausi 'yar'uwata, ba a rasa su da ƙarin gishiri."

"To zan gani da idona," ta ce tana dariya, ta wuce.

Da ya dawo gida ya durƙusa a bakin lambu da gwangwani, yana tsintar farin tsaki ɗaya bayan ɗaya. Ya tsinci tafi guda, ya tona da yatsa, sai ga wani ya fito kamar ana haifar sa. Malitaba tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

"In ka gama da nan sai ka je ka tsince taurari."

"Ki taya ni ko ki ba ni wuri."

"Tsinta ba za ta yi ba, tsoho. Rufewa za ka yi."

Gaskiyarta. Juma'a ya nemi rabin yini, ya ce ƙirji ne. Ya haƙo jar ƙasa a bakin kwazazzabo, ya cakuɗa da kashin tumaki da toka, ya shimfiɗa a kan lambunsu kamar kaurin yatsa biyu, har baƙar ƙasar ta ɓace. Sannan ya cika baro ya shiga gari gida-gida, wai taki ya kawo kyauta saboda gasar, ƙauye ya fita kunya. Gida takwas suka yi godiya. Na tara shi ne na Nkhono Mapakiso, a bakin hanya, tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya uku, wadda ko mai gari sai ya cire hula kafin ya yi mata magana.

"Sekake, tun kana yawo ba wando na san ka, ban taɓa ganin ka ba kare ƙashi ba. Yau kuma taki? Me ka aikata?"

"Nkhono, alheri ma laifi ne?"

"Daga gare ka, abin tambaya ne. Zuba, amma kada ka taka mini albasa."

Ya zuba, ya daddale da hannu a gindin kowane kabeji. Da ya miƙe ya duba, ba ƙwaya ɗaya fara. A ranar ya ci abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Sai dai akwai abin da Sekake bai sani ba. A kamfani bai taɓa shiga ɗakin shuka lokacin ban ruwa ba, sai an girbe ake kiran sa. A gida kuma ban ruwa aikin mata ne. Bai san cewa farin tsakin nan, da ya ji ruwa, sama yake tasowa ba. Kuma wace mace ce za a ce baƙi na zuwa duba lambunta ta bar ganye da ƙura?

Asabar da sassafe mai gari ya aiko a taya shi jera kujeru. Sekake ya dawo hantsi ya ɗaga, ya tarar Malitaba tsaye a bakin lambu, bokiti a gefenta ba ruwa, ta dafe baki da hannu. Ya leƙa. Ruwan da ta kwarara ya buɗe jar ƙasar nan wuri-wuri, farin tsaki ya taso ya kwanta a kai, ya fi na jiya fitowa, don a kan ja yake yanzu.

"Sauran ma duk sun ba da ruwa," ta ce a hankali. "Tare muka ɗebo."

Kafin ya buɗe baki, aka ji ƙarar mota a kan hanya.

Da gidan Nkhono Mapakiso aka fara, tunda shi ne na farko. Limakatso a gaba da littafinta, mai gari a gefenta cikin bargonsa na fita kunya, mata a baya suna guɗa. Sekake ya bi sahu daga can ƙarshe, yana murza hularsa. Ya ga yarinyar ta sunkuya tana yaba albasa. Ya ga ta matsa wajen kabeji. Ya ga hannunta ya tsaya. Ta ɗebi ƙasa, ta murza, ta kai hanci. Sannan ta sa yatsu biyu ta tsinke wani abu a gindin kabeji, ta jefa a aljihu.

"Nkhono, a ina kika samo dashen nan?"

"Wajen Malitaba, matar wancan da ke ɓuya a bayan mutane."

Aka yi dariya. Limakatso ba ta waiwayo ba.

Haka aka bi gida na biyu, na uku, na huɗu. Kowane gida sai ta sunkuya ta murza ƙasa, ta yi tambaya guda, a ba ta amsa guda. Tun a gida na biyar ta daina tambaya. Sau biyu Sekake ya yi niyyar sulalewa, sau biyu ya tuna ba inda za shi, gidansa ake nufa.

A lambun Malitaba ta daɗe. Ta auna kan kabeji da tafin hannu, ta ce ba ta ga kamarsa ba a ƙauyuka huɗun. Mata suka rangaɗa guɗa, mai gari ya gyara bargo. Sai ta rufe littafinta ta ce, "Ntate Sekake, an ce kana da tumaki. Zo ka nuna mini inda kake samun takin nan."

Suka zagaya bayan garke su biyu. Ta buɗe tafin hannunta: farin tsaki. Ta sa ɗaya hannun a aljihu ta fito da ɗan tsiro bai kai tsawon yatsa ba, ganyensa mai haƙora kamar zarto. Wiwi ne.

"Iska ce wataƙila, ausi. Kin san motar da ke kai wa rami..."

"Ntate, ka haife ni. Kada ka sa in raina ka."

Ya sunkuyar da kai. Ya faɗa mata duka, har lambar takalmin. Ta saurara ba ta katse shi ba, sai da ya zo kan safa ta rufe ido kamar mai ciwon kai.

"Amma wannan tsiron ba namu ba ne," ya ce. "Ku da kanku kuka ce duk mata ne, ba sa iri."

"Ka tuna lokacin da wuta ta lalace kwana biyu a ɗaki na huɗu? Wasu sun yi iri. Shi ya sa na ce a ɗinke buhunan ɗakin nan ninki biyu. Kai ka ɗinke su."

Shi ya ɗinke su. Ya kuma tuna ƙasar ɗakin nan ta fi kowacce kyau.

"Ƙarshen wata masu bincike za su zo daga Maseru, babban birni," ta ce. "In wani mai jin haushin tanki ya kai tsiro irin wannan ofishin 'yan sanda, a cikin ƙasar da kowa ya san ta wane ce, mutum ɗari uku ne za su zauna a gida. Ni ce ta farko, don ni nake sa hannu cewa an binne ta duka."

"To yanzu kora ta za ki sa a yi?"

"Ba ni ke kora ba. Litinin da safe ka shiga wajen manaja da ƙafarka, kafin in rubuta komai. Zan shiga bayanka in faɗi abin da zan iya. Ban yi maka alkawari ba." Ta mayar da tsiron aljihu. "Tanki kuwa, ka ba Mme Malitaba haƙuri. Lambunta ne ya ci, amma ba zan iya rubuta sunanta ba."

Da baƙi suka tafi ya faɗa wa Malitaba. Ba ta zage shi ba, da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta shiga ɗaki ta cire kayan fita, ta ɗauko shebur. Ranar Lahadi ba su je coci ba, suna sare kabejin da ya yi kai, suna kwashe baƙar ƙasa a buhu. Kalma biyu ta yi masa duk yinin: "Riƙe bakin."

Litinin manaja ya ji shi a tsaye. Ya yi faɗa, ya buga tebur, Limakatso ta shiga ta rufe ƙofa, aka bar Sekake a kan benci kusan awa biyu yana kallon bango. Da aka kira shi, hukuncin gajere ne. Ɗakunan shuka ya bar su har abada. In ƙasar ta dawo duka kafin Juma'a, daga gidajen nan goma, Limakatso ta zagaya ta tabbatar, za a mayar da shi aikin ramin binne ƙasa a bayan shinge, albashi ya ragu, amma yana nan a cikin ma'aikata da maganinsa. In gida ɗaya ya hana, ya ajiye musu rigarsu.

Gida ɗaya. Sekake ya san wanne. Ya kuma san sauran takwas ido suka zuba su ga abin da za ta yi.

Da yamma ya tura baro da buhuna zuwa ƙofar Nkhono Mapakiso. Tana zaune a kan kujerarta tana shaƙar taba, bargo a kafaɗa. Ya cire hula tun daga nesa.

"Mai kyauta ya dawo. Yau me aka kawo mana, saniya?"

"Nkhono, zuwa na yi... ƙasar da ke gindin kabejinki nake so."

"Maimaita, kunnen ya tsufa."

Ya maimaita.

"Shekarata tamanin da ɗaya a garin nan. Na ga wanda ya dawo karɓar akuyar da ya bayar, na ga wanda ya dawo karɓar 'yarsa. Ban taɓa ganin wanda ya dawo karɓar ƙasar dashe ba. Uwarka tana raye da ta shiga rami don kunya."

"Na sani, Nkhono."

"Ta wane ce ƙasar?"

"Ta kamfani."

"Su suka ba ka?"

"A'a."

"To me sunan wanda ya ɗauki abin da ba a ba shi ba? Faɗa da ƙarfi, maƙwabta ma su amfana."

Ya hango kawunan mata biyu a bayan shingen gidan gaba. Ya ce, "Ɓarawo."

"Madalla. Kuma ɗan tsiron da yarinyar nan ta sace mini, tana tsammani ban gani ba? Mako biyu ina ba shi ruwa. Marigayi mijina ya yi shekara arba'in yana shuka shi a tsakiyar masara, ba fitila, ba takarda, ba farar riga. Ku kun kulle shi a ɗaki kamar mara lafiya, har ƙasar da ya taka kuna yi mata jana'iza."

Sekake bai yi dariya ba. Tarin da yake ta dannewa ya ƙwace masa, ya dafa hannun baro ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa. Da ya lafa ya ce, "Nkhono, ba ni da wata dabara. In kin hana, sauran za su hana. Juma'a ba ni da aiki, ba ni da magani. Iyakar maganar ke nan."

Tsohuwa ta gyara zama. Ta rufe gwangwanin tabarta, ta buɗe, ta sake rufewa. Rana ta fara ja a kan tsauni, shi kuwa yana tsaye da hula a hannu.

"Kabeji goma sha huɗu ne," ta ce daga ƙarshe. "Da hannu za ka ɗaga kowanne, ba da shebur ba. Ka zuba musu ƙasa da takin garkenka, ba wannan tokar ta ranar Juma'a ba. Kuma kai za ka riƙa ba su ruwa har su miƙe, da bokiti, daga rijiya, safe da yamma, kowa yana gani. Wanda ya mutu, ka san inda za ka samo wani."

"Na yarda, Nkhono."

"Ban tambaye ka ba." Ta juya wajen shinge ta ɗaga murya. "Ke Maseabata, daina leƙe! Ki ɗaure karenki, in ya gama da ni wajenki zai zo. Ki faɗa wa na gaba."

Sekake ya ajiye hula a kan dutse, ya durƙusa a bakin lambun. Ya zura yatsu a gindin kabeji na farko, a hankali, yana lalubar inda saiwar ta tsaya. Saura gida takwas bayan wannan, yamma uku kafin Juma'a, kuma hasken yau ya kusa ƙarewa.

"Albasata," in ji tsohuwa daga kan kujera. "Gwiwarka tana kan albasata."